Raɗa wa Zomo Suna: Nazarin Wata Al'ada da Ke Hannun Yara

Ba kowace dabba Bahaushe yake raɗa wa suna ba. A gidan da ake kiwo, abin da za ka ji shi ne akuyar Inna, tunkiyar amarya, zakaran Malam, ragon layya. Ana kiran dabbar da sunan mai ita, ko da sunan hidimar da aka tanade ta dominta, saboda kowa ya san ƙarshenta, ko kasuwa ko wuƙa. Amma doki yana da suna. Karen mafarauci yana da suna. Saniyar Bafulatani ma tana da nata, har takan ɗago kai daga tsakiyar garke idan ya kira ta. Waɗannan dabbobi ne da ake sa ran daɗewa tare da su, ana aiki tare, ana sanin halin juna. Suna a kan dabba alama ce ta cewa mai ita ya cire ta daga sahun dukiya, ya shigar da ita sahun abokan zama.

Zomon gida ya zo ya tsaya tsakanin sahun biyu. Manya na kallonsa a matsayin nama mai saurin hayayyafa, yara kuwa aboki suka ɗauke shi. Wannan ne ya sa nake ganin sunayen da yara ke ba zomayensu sun cancanci a tsaya a dube su da kyau, duk da cewa da yawa za su ce ai wasan yara ne.

Abin da za a fara lura da shi shi ne kakanninmu ba su bar mana sunayen zomo ba, kamar yadda suka bar na doki. Dubi karin maganar da aka fi ji a kansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. A cikinsu duka zomon yana daji ne, ko ana bin sa da karnuka, ko an riga an rataye shi a kafaɗa. Haka yake a tatsuniya, mai wayo ne, amma Zomo kawai ake ce masa, alhali Gizo har matarsa Ƙoƙi an san sunanta. Dalili kuwa shi ne wancan na karin magana dabba ce daban da wanda ke cikin keji a bayan ɗaki. Na daji yana haihuwa a fili cikin ciyawa, 'ya'yansa na fitowa da gashi, idonsu a buɗe, kuma ba ya sabo da mutum. Na gida asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, mai haƙa rami ne, yana haifar 'ya'yansa tsirara, idonsu a rufe. Ko an haɗa su wuri guda ba sa haihuwa da juna.

Shi wannan baƙon, don tukunya aka yaɗa shi a yankinmu. A Gana, gwamnatin Acheampong ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa a Kwabenya kusa da Akara a 1972, domin iyalai su sami nama a bayan gidajensu. A Najeriya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya tana da sashen da ke aiki a kan zomo, kuma abin da ya dami masu binciken shi ne nauyi da yawan haihuwa da abincin da ya fi araha. Irin da aka fi gani a hannun masu kiwo, kamar New Zealand White, fari fat mai jan ido, da Chinchilla mai ruwan toka, duk don nama ko fata aka inganta su. A Ingila kuwa zomo ya daɗe da zama ɗan ɗaki. Marubuciya Beatrix Potter ta yi kiwon wani zomo da ta kira Peter Piper, kuma sunansa ne ta sa wa tauraron littafinta na yara da ya fito a 1902, wanda har yau ake bugawa. Mu namu bai biyo ta hannun marubuta ba. Ta hannun yara maza ya biyo, waɗanda ke tara kuɗin yawon Sallah su sayo mace da namiji, su haɗa musu ɗaki da ɓallin katako da ragar waya kusa da na tantabara, su riƙa fita bayan La'asar neman yaɗiya da ganyen dankali. Ba liman, ba wanzami, ba goro. Yaron da ƙannensa ne ke yanke shawara, kuma tun da ba su gaji komai a kan zomo ba, sai su ɗebo daga abin da kunnensu ya saba ji.

Rijiyar farko da suke ɗiba ita ce launi, kuma ita ce mafi tsufa. Masu doki sun daɗe da ita: akawal, kili, bidi, gunya, hurde, danda, kowanne launi ne da ya zama suna. Masu jaki suna da auraki da duna da idabari. A cikin mutane ma akwai Jatau da Duna. Yaro bai san wannan tarihi ba, amma tafarkin yake bi idan ya kira farar zomanyarsa Auduga ko Madara, baƙin ya ce masa Gawayi, mai ruwan toka ya ce masa Toka. Inda abin ya fi burge ni shi ne inda launin ba ɗaya ba ne, dole sai an ƙura ido. Akwai farin zomo mai baƙin zobe kewaye da idanu, kuma da wuya a sami sunan da ya dace da shi kamar Kwalli. Akwai irin da ake kira Californian, jikinsa fari amma kunnuwa da hanci da ƙafafu da wutsiya baƙi-baƙi, wanda yara kan ce wa Mai-safa. Irin wannan suna ba ya samuwa sai ga wanda ya durƙusa gaban keji ya daɗe yana kallo. Baƙo ma idan ya ji an ce Kwalli, ba sai an nuna masa ba, da kansa zai gane wanda ake nufi a cikin goma.

Rijiya ta biyu ita ce sunayen da Hausawa ke ba jariri bisa lokaci ko yanayin zuwansa. Zomon da aka sayo ranar Juma'a ya zama Ɗanjuma ko Jummai, ta ranar Talata ta zama Talatu, wanda aka haifa ana tsuga ruwa ya zama Anaruwa, ƙaramin cikinsu wanda kullum 'yan'uwansa ke ture shi daga nono ya zama Auta. Waɗannan ba su da nauyin sunan yanka, shi ya sa manya ba sa tsawatarwa. Amfaninsu kuma shi ne suna riƙe tarihi, domin bayan shekara biyu yaron zai iya gaya maka ranar da zomanyarsa ta shigo gidan. Sunan habaici, irin wanda akan ba kare a wasu ƙauyuka, kamar Bar-su ko Ba-ruwanka, a kira kare amma maƙwabci ake jifa da magana, bai kama zomo ba. Ba a ƙwala wa zomo kira a ƙofar gida, kuma yaro ba shi da wanda yake yi wa gugar zana.

Ta uku ita ce hali, kuma a nan ne haƙuri ke shigowa, domin hali ba ya bayyana da wuri. Zomanya na ɗaukar ciki kwana 31 ko kusa da haka. Idan haihuwa ta matso za ka gan ta tana kwasar ciyawa a baki, sannan ta riƙa tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa. Wata safiya sai yaro ya leƙa ya ga tulin gashi yana motsi. In ya ɗaga a hankali zai tarar da 'yan jajaye-jajaye, shida ko takwas, ba gashi, kunnuwa a manne da kai, sun cure wuri guda don ɗumi. Uwar ba ta kwanciya a kansu kamar kaza. Sau ɗaya ko biyu take zuwa a yini, galibi cikin dare ko da asuba, ta tsaya a kansu 'yan mintoci su sha, ta fice. Yara da yawa kan zaci ta yi watsi da su ne, alhali haka ɗabi'arta take. A rana ta bakwai, ranar da ake raɗa wa ɗan Adam suna, ɗan zomo ya fara gashi amma ko ido bai buɗe ba, sai wajen kwana 10 zuwa 12. Sai sun kai mako uku suke fitowa suna ɗan tsinkar ganye. Daga nan ne za a fara gane wane ne wane: mai fara isa bakin ƙofa in ya ji motsin kwano, mai maƙalewa a kusurwa, mai buga ƙafar baya a ƙasa da zarar inuwar shaho ta gifta, mai daka tsalle ya murɗa jiki a sama in ya ji daɗi, mai gwaguyar katakon keji saboda haƙoran zomo ba sa daina tsiro. A nan ake samun Sarkin-haƙa, da Ɗan-tsalle, da Kwaɗayi, da Matsoraci wanda in ya girma ya yi ƙarfin hali sunan ya ƙi barinsa.

Wannan shi ne tsarin laƙabi, kuma a ganina shi ne gadon da ya fi dacewa da zomo. Sunan yanka fata ne da iyaye ke yi wa jariri tun ba a san abin da zai zama ba. Laƙabi kuwa shaida ce, yana zuwa ne bayan an zauna da mutum an ga halinsa. Yaron da ya jira wata guda kafin ya ba zomonsa suna ya koyi kallon dabba, ya san wadda ta ƙi cin abinci yau, ya san wadda kunnenta ya fara ƙuraje. Jiran yana da wani amfanin kuma. Bambance mace da namiji a ƙananan zomaye yana da wuya ko ga wanda ya saba, domin 'ya'yan marainan namiji ba sa saukowa sai ya kai wata biyu da rabi zuwa uku. Gidaje nawa aka yi Talatu, daga baya ta tabbata namiji ce, ko Ɗanjuma ya wayi gari yana tsige gashin ƙirji? Sunan launi da na hali ba ruwansu da wannan, Kwalli Kwalli ne ko mace ko namiji.

Yanzu akwai rijiya ta huɗu, ta talabijin da waya. Ana samun zomo Messi, ana samun Ronaldo, ana samun sunayen jaruman finafinan Indiya da na zane mai motsi. Ban ɗauke shi laifi ba, kuma sau da yawa idan ka tambayi yaron za ka ji akwai lura a ciki, ya ga zomon ya iya kauce wa hannu ne shi ya sa ya ba shi sunan ɗan ƙwallo. Amma suna ne mai rauni. Yana ba da labarin abin da yaron ke kallo, ba ya ba da labarin zomon, kuma zomaye biyar a layi ɗaya kan iya amsa shi. Wanda ya ƙirƙiro Mai-safa ya yi aiki da idonsa da harshensa, wanda ya ɗauko Ronaldo kuwa aro ya yi.

Akwai iyakar da yara da kansu suka sani ba tare da an zaunar da su ba. Ba a ba zomo sunan yanka. A al'ummar da uwa ke jin kunyar ambaton sunan ɗanta na fari, inda yaron da ya ci sunan kakansa ake sakaya shi da Abba ko Baba don kada a riƙa kiran sunan dattijo gatsal, ba zai yiwu a ji wani yana cewa a kama wance ta shiga rami ba, alhali sunan mahaifiyar maƙwabci ke nan. Balle sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzo, waɗanda su ne akasarin sunayenmu na yanka. Wannan iyaka tana da kyau, a bar ta yadda take. Sai dai wasu iyaye kan zarce, su ɗauka ba dabba suna kwata-kwata baƙon abu ne ko koyi da Turawa. Ba haka ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da taguwa mai suna Ƙaswa, da alfadari mai suna Duldul, da jaki mai suna Ufairu, kuma Imamu Buhari ya ware babi a kan sunan doki da jaki a cikin Sahihinsa. An kuma ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik, wani ƙaramin yaro da ake yi wa alkunya da Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Annabi ya same shi cikin damuwa, ya tambaye shi labarin tsuntsun don ya lallashe shi. Ba a ce masa ai tsuntsu ne kawai ba.

Shin zomon ya san sunansa? Ya sani, amma ba irin sanin kare ba. Zomo dabba ce da komai ke farauta, don haka ƙara ba ta jawo shi, korarsa take yi. Yaron da ya iya yakan zo a lokaci guda kullum, ya tsuguna don kada ya yi masa tsaye a ka, ya ɗan kaɗa kwanon dusa, ya faɗi sunan ƙasa-ƙasa, ya miƙa ganyen zogale ya tsaya cik. Da farko zomon zai miƙe kunnuwa, hancinsa na rawa, ya matso taku biyu ya koma. Bayan 'yan kwanaki zai karɓi ganyen daga hannu. Bayan 'yan makonni, sunan kaɗai ya isa ya fito da shi daga rami, wani lokaci har ya goga haɓarsa a yatsun yaron, wanda a wurin zomo alama ce ta cewa wannan nawa ne. Gajeren suna mai gaɓa biyu ya fi saurin kamawa, kuma dole gidan su tsaya a kan guda, ba wannan ya ce Toka wancan ya ce Messi ba. Wanda kuwa ya kira sunan sannan ya cafko zomon ta kunnuwa ya ɗaga, kamar yadda ake yi a kasuwa, ya koya masa cewa sunan nan haɗari ne. Kunnen zomo ba mariƙi ba ne, cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake fitar da zafin jiki. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, haka ake ɗaukarsa.

A nan ne nake ganin al'adar ta fi nauyi, kuma a nan manya suka fi sakaci. Cin zomo halal ne, hadisin Anas ya tabbatar cewa an kai wa Annabi naman zomon da aka kama ya karɓa. Gidan da ke kiwo don miya ko don kuɗin makaranta bai yi laifin komai ba. Matsalar tana zuwa ne idan an bar yaro ya raɗa suna, ya shekara yana kira ana amsawa, sannan a yi baƙo a yanka ba tare da an ko tambaye shi ba. Saurari irin zancen da akan yi a tsakar gida. Kaka ta leƙa keji ta ce, “Angona, wannan farar fa ta isa miya.” Jikan ya ce, “Haba Kaka, wannan ba ta yanka ba ce, Auduga ce.” Wasan kaka da jika ne, amma amsar yaron ba wasa ba ce. Ya fahimci dokar da aka fara wannan nazari da ita sarai, ya san mai suna ba ya cikin na wuƙa, kuma da sunan yake kāre ta. Idan aka karya masa wannan a ɓoye, abin da zai koya shi ne maganarsa ba ta da daraja a gidan, ko kuma shaƙuwa da dabba wauta ce. Duka biyun hasara ne. Masu kiwo da suka daɗe suna da hanya mai kyau: uwa da uban garke su ne masu suna, su ake bari, 'ya'yan da za a sayar ko a yanka kuwa ba a raɗa musu komai, kuma ana gaya wa yaro haka tun suna cikin gashin uwarsu.

Shi ma yaron sunan ya ɗora masa kaya. Zomon da ake kula da shi yana iya kai shekara 8 ko fiye, wato wanda aka saya wa ɗan aji huɗu na firamare zai iya kai shi ƙarshen sakandare. Ɗokin makon farko bai isa ba. Zomo ba ya jure zafi, da ma'aunin zafi ya haura 30 ya fara wahala, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi watan Afrilu kan kai 40. Kejin da aka rufa da langa-langa aka ajiye a rana kan kashe garke guda kafin Azahar. Yana buƙatar inuwa, da ruwa a kowane lokaci duk da camfin da ke cewa ganye ya ishe shi, da harawa wadda zai riƙa tauna, da kariya daga muzuru da gafiya da kwarkwasa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, ya hau kan duk wanda ya sa dabba a keji. Na lura zomon da ke da suna ya fi samun wannan kulawa, domin “ba a ba zomaye ruwa ba” magana ce da kowa zai iya wucewa, amma “Kwalli bai sha ruwa ba” tana tayar da yaro daga kan tabarma.

Don haka iyaye, idan ɗanku ya shigo da zomo a kwali, kada ku raina abin, kada kuma ku zaɓa masa suna. Ku ce ya jira ya ga halinsa tukuna. Ku hana shi sunan mutane, ku bar masa sauran. Sannan ku gaya masa gaskiya tun ranar farko, wanne ne na zama, wanne ne na tukunya, kuma wanda kuka yarda ya raɗa wa suna kada ku sa masa wuƙa sai da saninsa.